A Mayar da Duba Albashi na Kowace Shekara Ya Zama Doka

A ranar 29 ga watan Yulin 2024 ne Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Dokar ta kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa shekara uku. Kusan duk hankalin jama'a ya tafi ne a kan adadin kuɗin, ana ta muhawarar ko ya isa ko bai isa ba, alhali kuwa wa'adin nan na shekara uku shi ne babban abin da ya kamata ya tayar wa ma'aikaci hankali. A ƙasar da farashin masara da man gyaɗa da kuɗin mota ke sauyawa tsakanin wannan Juma'a da mai zuwa, ɗaure albashin mutum wuri guda har tsawon wata talatin da shida daidai yake da rage masa albashin a kowane wata, sai dai babu wanda zai sa hannu a takardar ragin balle a tuhume shi. Ra'ayina shi ne a mayar da duba albashi ya zama na shekara-shekara, bisa doka, gwargwadon yadda tsadar rayuwa ta motsa, kuma ya shafi kowane ɓangaren aiki da ake biyan mutum a ƙarshen wata, har da 'yan fansho.

Lissafin ba shi da wuya. Idan farashin kaya yana tashi da kashi 20 cikin ɗari a kowace shekara, to bayan shekara uku naira 70,000 ba za ta sayi abin da ya wuce na kimanin naira 40,500 na ranar da aka sa hannu a dokar ba. Kuma kashi 20 ɗin nan ma sassauci ne, domin a watan Yunin 2024, lokacin da ake tsaka da cinikin albashin, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.19, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40. A watan Disamban shekarar ta kai kashi 34.80. Wanda bai damu da alƙaluma ba, ya tuna da buhun shinkafa kawai. A 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan naira 30,000, kuɗin suna sayen buhu mai kilo hamsin har a samu ragowar na cefane. A ƙarshen 2024 kuwa naira 70,000 ba ta ɗauko wannan buhun daga kasuwa. Idan aka auna da dala ma haka abin yake: naira 30,000 ta 2019 ta haura dala tamanin, ita kuwa naira 70,000 ta tsakiyar 2024 ba ta cika dala hamsin ba. An ninka albashin fiye da sau biyu a takarda, amma ledar da ma'aikaci ke shigowa da ita gida ta ƙara sauƙin ɗauka.

Ya kamata a tuna yadda aka kai ga naira 70,000 ɗin, domin hanyar ita kanta tana nuna inda cutar take. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya a watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, ta faɗi warwas. Duk da haka sai a watan Janairun 2024 aka ƙaddamar da kwamitin duba albashi na ɓangarori uku, wato gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar ma'aikata, mai mutum 37 ƙarƙashin Alhaji Bukar Goni Aji. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, ƙarƙashin Joe Ajaero da Festus Osifo, suka fara da neman naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi ta ja-in-ja kamar ana cinikin sa a kara. A ranar 3 ga Yunin 2024 aka shiga yajin aikin da ya kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya ya kuma rufe filayen jiragen sama. Wata goma sha huɗu ke nan tsakanin ranar da rayuwa ta yi tsada da ranar da doka ta yarda cewa ta yi tsada, kuma babu wanda ya biya ma'aikaci abin da ya yi asara a tsakani. Tallafin naira 35,000 na wata shida da aka yi wa ma'aikatan tarayya alkawari daga watan Satumban 2023 ma da ƙyar ya riƙa fitowa, har aka shiga 2025 ana bin gwamnati ragowarsa.

Wannan ba sabon hali ba ne a gare mu. Babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi wa jagora a ƙarƙashin mulkin Turawa, a kan alawus ɗin tsadar rayuwa aka yi shi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kaya sun yi tashin gwauron zabi albashi kuwa yana nan inda yake. Shekara tamanin bayan haka muna kan wannan turba. An kafa mafi ƙarancin albashi na naira 125 a 1981 zamanin Shehu Shagari. A 2000 aka kai naira 5,500, sai da aka yi shekara goma sha ɗaya kafin a kai 18,000 a 2011, sannan shekara takwas kafin 30,000, sannan shekara biyar kafin 70,000. A kowane zango labarin ɗaya ne: a yi shiru har wuya ta yi wuya, a yi barazanar yajin aiki, a kafa kwamiti, a sanar da ƙari mai girma a baki, sannan a sake komawa barci.

Wani zai ce ai ma'aikacin gwamnati yana samun ƙarin shekara-shekara, tunda kowace shekara yana hawa mataki ɗaya a cikin matakin albashinsa. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar albashin ƙaramin ma'aikaci ya san amsar wannan. Abin da hawa mataki ke ƙarawa a wata sau da yawa bai wuce kuɗin adaidaita sahu na kwana biyu ko uku ba, kuma tun asali an tsara shi ne don saka wa mutum a kan daɗewa da ƙwarewa, babu ruwansa da farashin kwanon gero. A jihohi da ƙananan hukumomi da dama ma ana yi wa mutum ƙarin girma a takarda, a ba shi wasiƙa ya kai gida iyali su yi murna, amma a shekara biyu ko uku kuɗin ba su bayyana a asusunsa ba.

Babban abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan tsari ya raba ma'aikatan ƙasar nan gida-gida, ba bisa nauyin aikin da suke yi ba, sai bisa kusancinsu da baitulmali ko ƙarfin da suke da shi na tsayar da al'amura cak. A watan Agustan 2024, makonni kaɗan bayan dokar naira 70,000, aka sa hannu a kan dokar da ta ƙara wa alƙalai albashi da kashi 300 cikin ɗari. Ba na jayayya da cewa alƙalai sun cancanta, domin sun daɗe ba a duba su ba, kuma alƙali mai yunwa haɗari ne ga kowa. Amma kasuwar da alƙali ke zuwa ita ce malamin firamare ke zuwa. A wannan watan ne kuma Sanata Sumaila Kawu na Kano ta Kudu ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo masa a wata na tafiyar da ofis ya kai naira miliyan 21, bayan a 2018 Sanata Shehu Sani ya ce a lokacinsa miliyan 13.5 ne. Wato akwai waɗanda kuɗinsu ke bin sawun tsadar rayuwa a hankali ba tare da sun rufe ofis ko sun ɗaga kwali a titi ba.

Ma'aikatan tarayya suna biye. Sun samu alawus na kashi 40 a 2023 ga waɗanda ke kan tsarin albashin gama-gari, sannan a ƙarshen Afrilun 2024 aka amince da ƙarin kashi 25 zuwa 35 ga rukunoni da dama. Masu yi wa ƙasa hidima an ɗaga alawus ɗinsu daga naira 33,000 zuwa 77,000, ko da yake sai a watan Maris na 2025 kuɗin suka fara shiga hannu. Malaman jami'a sun shafe wata takwas suna yajin aiki a 2022 a kan yarjejeniyar da aka ƙulla tun 2009, ɗalibai suka yi asarar shekara guda ta rayuwarsu. Likitoci kuwa da yawansu sun daina jiran kwamiti, sun tattara takardunsu sun nufi Ingila da Saudiyya da Kanada, asibitocinmu na karkara suka koma hannun ma'aikacin jinya ɗaya ko biyu.

Da an sauko jihohi sai bambancin ya ƙara fitowa fili. Legas da Ribas sun sanar da naira 85,000, Neja 80,000, Kebbi 75,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000, sannan a 2025 Imo ta kai 104,000. Jihar Zamfara kuwa sai a tsakiyar 2024 ta fara biyan naira 30,000 ɗin da aka zartar tun 2019, wato daidai lokacin da wa'adin wancan albashi ya ƙare. Sanarwa kuma daban take da biya. A Babban Birnin Tarayya, inda Majalisar da ta yi dokar take zaune, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki daga watan Maris na 2025 saboda ƙananan hukumomin yankin ba su aiwatar da sabon albashin ba. Idan haka ta faru a Abuja, kowa na iya ƙiyasta halin malamin da ke koyarwa a ƙauyen da babu ɗan jaridar da ya taɓa taka ƙafarsa.

Akwai kuma wani rauni da ba a cika magana a kai ba, wanda ya shafi ma'aikatan tsakiya. Idan aka ɗaga mafi ƙarancin albashi, ba kowa ke samun ƙari daidai da na ƙasa ba. A 2019 na ƙasa ya tashi da kusan kashi 67, amma a yarjejeniyar da aka cimma da ma'aikatan tarayya, mai mataki na bakwai ya samu kashi 23.2, masu mataki na goma zuwa na goma sha huɗu suka samu kashi 16, na goma sha biyar zuwa sama kashi 14. Tausaya wa na ƙasa daidai ne. Sai dai idan aka maimaita haka sau biyu ko uku, sai a wayi gari mutumin da ya shekara ashirin yana aiki, mai 'ya'ya a sakandare da jami'a, da iyaye tsofaffi a wuyansa, bai fi sabon ɗauka da wani abin kirki ba. Waɗannan su ne ke riƙe da ofisoshi da azuzuwa da ɗakunan marasa lafiya, kuma su ne ake samu da rana tsaka sun rufe ofis sun fita neman na cikawa, wannan yana haya da babur, wancan yana dillancin fili. Ba na kare mai cin hanci, amma duk gwamnatin da ke biyan albashin da ba ya kai mutum tsakiyar wata ta san ƙofar da take buɗewa.

Waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne waɗanda ba su da ƙungiya kwata-kwata. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire duk ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba, ta cire masu aikin wucin gadi na sa'o'i, da masu karɓar lada gwargwadon abin da suka sayar ko suka yi, da masu aikin damina irin na gona. Wannan togaciya ta kwashe mafi yawan masu karɓar albashi a garuruwanmu. Malamar makarantar kuɗi ta cikin unguwa da ke karɓar naira 20,000 ko 25,000, kuma ba a biyanta watannin hutu, tana wajen doka. Mai sayar da magani a kemis, da mai gadi, da direban gida, da yaron shago a Kantin Kwari ko Singa, duk suna waje. Har a manyan wurare an gano dabarar kauce wa doka: bankuna da dama sun yi wa ma'aikatansu na dindindin ƙari bayan cire tallafin mai, abin a yaba, amma da yawa daga cikin matasan da ke zaune a kanta suna ƙirga miliyoyi ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfani ne ya ɗauko su haya, kuma albashinsu ba ya kusa da na abokan zamansu. Haka abin yake a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, inda mutum zai shekara biyar yana shiga da fita a matsayin lebura na wucin gadi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, kuma ina ganin wanda ya bar ladan ma'aikacinsa a inda yake shekara huɗu alhali ya ninka farashin hajarsa sau uku bai kamata hankalinsa ya kwanta ba, ko da kuwa yana biya a ranar ƙarshen wata.

Wanda yake son ganin yadda abin ke aiki a zahiri ya zauna a bencin mai shagon unguwa a makon ƙarshe na wata. Akwai littafin bashi mai bango ja ko shuɗi, kowane magidanci da shafinsa. Shekarun baya ana rubuta rabin buhu, ko galan na mai, ko katan ɗin taliya. Yanzu shafukan sun cika da gwangwani biyu na shinkafa, da mai na ɗari uku, da sukari ƙulli ɗaya. Ranar da albashi ya shigo, magidanci zai zo ya biya na baya, abin da ya rage bai kai mako ba, sai a buɗe sabon shafi. Mai shagon shi ma idan ya koma kasuwa saro kaya sai ya tarar kuɗin da aka biya shi ba sa sayo abin da ya bayar bashi, don haka dole ya rage bayarwa ko ya ƙara farashi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga sun nuna fiye da kashi 90 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne, kuma masu karɓar albashi ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wasu suna kafa hujja da wannan su ce maganar albashi ta 'yan tsiraru ce. Littafin mai shago yana ƙaryata su, domin a garuruwa irin su Dutse da Gusau da Damaturu da Birnin Kebbi, kasuwa ba ta motsi sosai sai an yi albashi, kuma tela da mai nama da mai kayan miya duk sun san ranar.

'Yan fansho kuwa kundin tsarin mulki da kansa ya ambace su. Sashe na 173 da na 210 sun ce a duba fansho duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka duba albashin ma'aikata, duk wanda ya riga zuwa. Amma har yau akwai tsofaffin ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi da ke karɓar abin da ba ya sayen maganin hawan jini na wata guda, wasu kuma suna rasuwa ba su ga garatutinsu ba.

Na san hujjar da ake kawowa a kan ƙarin shekara-shekara, kuma ba hujja ce ta banza ba. Ana cewa ƙarin albashi shi ke jawo hauhawar farashi, ana kuma tuno da Udoji. Gaskiya ne cewa bayan ƙarin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda aka biya tare da ariyas na watanni a dunƙule, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 34 a 1975, kuma dattawa har yau suna ba da labarin yadda aka wawashe rediyo da keke da babur a kantuna. Amma darasin Udoji yana goyon bayan abin da nake faɗa ne. Abin da ya rikita kasuwa shi ne zuba kuɗi masu yawa lokaci guda tare da shela a rediyo. Irin haka muke yi har yanzu, inda da an ji sanarwar sabon albashi mai gidan haya da ɗan kasuwa za su ƙara nasu tun kafin kwabo ya shiga hannun kowa, har da a kan waɗanda ƙarin bai shafa ba. Ƙari madaidaici wanda kowa ya san lokacinsa da yadda ake lissafa shi ba ya haifar da wannan ruɗani. Bayan haka, tsadar da muka shiga daga 2023 ba albashi ne ya kawo ta ba, tunda ta riga ƙarin zuwa da fiye da shekara. Man fetur ne, da faɗuwar naira, da 'yan bindigar da suka hana manoma shiga gona a Zamfara da Katsina da Neja, da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun lantarki mafi yawan sa'o'i, da aka ɗaga daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Bai dace a ce ma'aikaci shi kaɗai zai daure don a shawo kan wutar da ba shi ya kunna ba.

Hujja ta biyu ita ce jihohi ba su da kuɗi. Kafin 2023 ana iya sauraron wannan. Bayan cire tallafi da faɗuwar naira, kason da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru matuƙa, har ya haura naira tiriliyan biyu a wasu watannin 2025. Wannan kuɗi daga aljihun talaka ya fito, ta hanyar tsadar mai da tsadar duk abin da ake shigowa da shi. Harajin kayayyaki ma yana ƙaruwa da kansa duk lokacin da farashi ya tashi. Wato kuɗin shigar gwamnati suna bin hauhawar farashi kai tsaye, albashin da take biya ne kaɗai ke jiran kwamiti. Gwamnan da ya ce ba zai iya ba, ya fara da fitar da ma'aikatan bogi daga jerin albashi, ya rage yawan mashawarta da jerin gwanon motoci, sannan a zauna a duba littafinsa a bainar jama'a. Hujjar da na fi ɗauka da nauyi ita ce ta ƙananan masu sana'a, irin mai gidan burodin da dizal da fulawa suka riga suka shaƙe shi, wanda idan aka matsa masa zai sallami yara biyu ne kawai. Wannan yana buƙatar a sassauta masa ta wajen haraji da wuta, a kuma ba shi lokaci, amma bai zama dalilin barin ma'aikatansa babu wata kariya har abada ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Ghana kwamitin ɓangarori uku yana zama kowace shekara ya tsayar da mafi ƙarancin ladan yini, gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago kuma su daidaita a kan ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati. Sun yi ƙarin kashi 30 a 2023, bayan hauhawar farashi ta haura kashi 50 a ƙarshen 2022, sannan kashi 10 a 2025 da abubuwa suka fara lafawa. Ma'aikacin Ghana bai tsira daga tsada ba, kuma ƙarin 2023 bai cike ramin ba, amma bai jira shekara biyar kafin a saurare shi ba. Afirka ta Kudu ma tana duba nata kowace shekara. A Beljiyam albashi yana bin ma'aunin farashi da kansa, a Faransa kuma doka ce ke ɗaga mafi ƙarancin albashi a farkon kowace shekara. Ba na cewa mu kwafi na Beljiyam gaba ɗaya, domin Italiya ta gwada irinsa ta soke shi a 1992 bayan ya riƙa ciyar da hauhawar farashin gaba. Tsaka-tsaki shi ya fi dacewa da mu.

Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne a gyara dokar ta yadda Hukumar Albashi ta Ƙasa, tare da wakilan ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata da na jihohi, za ta sanar da kason ƙari kafin a gabatar da kasafin kuɗi kowace shekara, ya fara aiki a watan Janairu, don kada wani gwamna ya ce bai yi tanadinsa ba. A ɗaure kason da ma'aunin farashin abubuwan da ƙaramin ma'aikaci ke kashe kuɗinsa a kai, wato abinci da sufuri da haya da magani da kuɗin makaranta. Masu ƙaramin albashi su samu cikakken kason, na tsakiya su samu mafi yawansa, manya su samu kaɗan, fansho kuma ya tafi tare da albashi kamar yadda kundin tsarin mulki ya tanada. Babban zaman da ake yi duk shekara uku ya ci gaba, amma aikinsa ya zama gyara ginshiƙin, tunda an riga an tare zaizayar shekara-shekara. Togaciyar mutum 25 a riƙa rage ta a hankali, a fara da makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu da kamfanonin da ke bayar da hayar ma'aikata, waɗanda dama suna da rajista kuma hukuma ta san inda suke. Duk kamfanin da ke neman kwangilar gwamnati kuma ya nuna shaidar yana biya.

Wannan tsari ba zai tsaya ba sai an yarda da ma'aunin. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take gina lissafinta a kai daga 2009 zuwa 2024, ta kuma rage nauyin abinci a cikin ma'aunin, sai adadin ya sauko daga kashi 34.80 zuwa 24.48 cikin wata guda. Sabunta ma'auni abu ne da kowace ƙasa ke yi, kuma namu ya daɗe da tsufa, amma magidancin da fiye da rabin albashinsa ke tafiya a kan abinci yana da dalilin jin cewa ba rayuwarsa ake aunawa ba. Shi ya sa ake buƙatar ma'auni na musamman na masu ƙaramin ƙarfi, wanda wakilan ƙwadago za su ga yadda ake tattara shi daga kasuwanni. Ya kamata kuma a riƙa faɗa wa mutane gaskiya cewa saukar adadin hauhawar farashi, kamar yadda ya sauko ƙasa da kashi 20 a ƙarshen 2025, yana nufin kaya sun rage gudun tashi ne kawai. Hatsi ya yi sauƙi a wasu lokutan, alhamdu lillahi, amma kuɗin haya da na makaranta da na magani da na kiran waya, wanda aka amince a ƙara da kashi 50 a watan Janairun 2025, babu wanda ya dawo inda yake.

Bisa wa'adin shekara uku, a 2027 ne za a sake zama a kan mafi ƙarancin albashi, kuma shekarar zaɓe ce. Za a ji manyan alƙaluma daga bakin 'yan takara da shugabannin ƙwadago, kowa yana neman adadin da zai cika kanun labarai. Ina roƙon NLC da TUC, da ƙungiyar malamai ta NUT, da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE, su sa sharaɗin duba albashi na kowace shekara a gaban adadin, ko da hakan zai sa su karɓi abin da bai kai wanda suka fara nema ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar mu kuma ba sai sun jira 2027 ba, domin gyaran dokar 2024 a cikin kwana guda majalisun biyu suka zartar da shi, kuma sashen da ya tsayar da wa'adin shekara uku layi kaɗan ne.